Rana Tana Wanke Ruwa, Amma Ba 'Yar Aikin Gidanku Ba Ce

Sarakunan musu, a matso da tabarma, a kife waya, yau da ku nake. Na zo da maganar da na san sai kun yi mata tankaɗe da rairaya kafin ku haɗiye: hasken rana, wannan dai da kuke guje wa kuna rububin inuwar darbejiya, yana farfasa ragowar magungunan asibiti da ke yawo a koguna da tafkuna. Ba inji, ba fetur, ba takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata.

Ga Alhaji can ya taɓe baki. Malam na kusa da shi ya ce, "Kayya, 'yan boko sun dawo da tatsuniyarsu." Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci: in da rana tana wanke ruwa, ai da tuni an fara ƙulla ruwan kududdufin unguwarsu a leda ana sayarwa, don tun tana yarinya rana ke dukansa, kuma har gobe kore shar yake. Hajiya, maganarki ta fi ta mazan nan nauyi, shi ya sa zan ajiye ta sai an jima. Bari in fara sallamar masu ƙaramin musu.

"Wa ma ya zuba magani a kogi?"

Kai ka zuba, Alhaji. Kada ka zaro min ido. Ka ɗauka ƙwayar da ka kora da shayi ta narke ta zama lafiya, shi ke nan an gama? Jiki yana ɗaukar abin da zai ɗauka, saura ya bi fitsari da bayan gida. Metfomin, maganin ciwon sukari, yadda ya shiga haka yake fita, jiki bai ko sauya masa kama ba. Amokzisilin, kafson nan da ake yi wa kallon maganin kowace cuta, fiye da rabinsa yana fita da ƙarfinsa cikin 'yan awoyi. Ka ƙara da ragowar maganin tarin da uwargida ta tuttular a kwata, da ruwan wanke-wanken asibiti, da kashin kajin gidan gona da ake ɗura wa maganin ƙwayoyin cuta tun suna 'yan tsaki, da abin da masana'antun haɗa magani suke saki. Duk hanyarsu ɗaya: kwata, rafi, kogi.

In kun ce zancena ne, ga na waɗanda suka auna. A 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila suka fitar da sakamakon ruwan da aka ɗebo a wurare 1,052, cikin koguna 258, a ƙasashe 104, ana neman sinadaran magani 61. Waɗanda aka fi cin karo da su uku ne: kabamazefin na masu farfaɗiya, da metfomin, da kafin, wato abin da ke hana mai shan kofi da mai cin goro barci. E, Malam, goronka ma yana barin sawu. Kogunan da suka fi kowa ɗaukar kaya suna Lahore ta Pakistan, da La Paz ta Bolibiya, da Addis Ababa ta Habasha. A wuri ɗaya cikin kowane huɗu, an sami aƙalla magani guda da ya haura ma'aunin da masana suke ganin babu hatsari. Inda aka duba ba a ga komai ba, Aislan ce da wani ƙauyen 'yan ƙabilar Yanomami a dajin Benezuwela, inda maganin bature bai zama abokin zama ba.

Kafin nan, a 2019, mutanen wannan jami'a sun nemi magungunan kashe ƙwayoyin cuta kaɗai a kogunan ƙasashe 72, suka same su a kashi 65 cikin ɗari na wuraren. A wani wuri a Bangaladesh, metronidazol, wanda kuka fi sani da Flagyl, ya ninka ma'aunin aminci sau 300. Ƙasashen da suka fi haura ma'auni kuwa su ne Bangaladesh, Kenya, Ghana, Pakistan da Najeriya. Kun ga ko a nan ba a bar mu a baya ba.

"Ai ɗan mitsitsi ne, me zai yi?"

Ku tambayi kifi. A lardin Ontariyo na Kanada akwai wasu tafkuna da aka keɓe don gwaji. Daga 2001, shekara uku a jere, Karen Kidd da abokan aikinta suka riƙa zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa a ɗaya daga ciki, har ya kai nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita. Nanogiram shi ne ka raba giram ɗaya gida biliyan, ka ɗauki ɗaya. Da wannan ɗan abin, mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin sinadarin ƙwai irin na mata, hayayyafa ta tsaya, kifin ya kusa ƙarewa a tafkin. Kafin wani ya ruga gida da wannan labari ya hana maiɗakinsa zuwa asibiti, ya tuna kifi dare da rana a cikin ruwan yake, da shi yake numfashi, kuma irin wannan sinadari jikin mutum da na saniya ma suna fitar da nasu ba tare da an sha komai ba.

A Suwidin kuma, a 2013, masu bincike na Jami'ar Umeya suka sa wani kifi cikin ruwa mai ɗan ɗigon okzazefam, maganin fargaba da rashin barci. Kifi ya daina tsoro, ya fita daga cikin 'yan uwansa yana yawo shi kaɗai, ya koma cin abinci hannu baka hannu ƙwarya. Ku yi dariya, amma kifin da ya daina tsoro abincin babban kifi ne.

Wanda ba na dariya ba shi ne na ƙwayoyin cuta. In suka zauna cikin ruwa mai ɗan magani kaɗan, wanda bai isa ya kashe su duka ba, raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa, har su raba wa maƙwabta dabarar tsira. Ranar da suka shiga jikin yaro, allura ta zama ruwa. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina. Shan magani barkatai shi ne babban mai laifi, amma gurɓataccen ruwa yana cikin masu taya shi.

"To haske ba hannu, ba haƙori, da me zai farfasa?"

Alhaji, ka tuna shaddar da aka manta a kan igiya kwana da kwanaki? Ɓangaren da ke kallon rana ya koɗe, na cikin ninki yana nan da launinsa. Ba wanda ya wanke launin, ba wanda ya kankare shi. Rini sinadari ne, wato ƙwayoyin zarra da aka ɗaure da juna cikin wani tsari na musamman. Haske ya tsinka ɗaurin, tsari ya rushe, launi ya tafi. Magani ma ƙarfinsa a tsarinsa yake. Ka tsinka wuri ɗaya ko biyu, ya tashi daga sunansa. Ka yarda da wannan a kan shaddarka, har ka yi wa yara faɗa, amma da aka ce magani sai ka ce tatsuniya.

Ba duk hasken ne mai wannan aiki ba. A 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya raba hasken rana launi-launi, ya shimfiɗa takarda mai gishirin azurfa a ƙarƙashi. Sai ya ga inda takardar ta fi yin baƙi shi ne can gaba da launin shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Ashe akwai haske ɓoyayye a wurin, shi ne ake kira ultrabayolet. Daga baya, a 1905, Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma gwargwadon gajartar zangonsa, gwargwadon ƙarfin kowace ƙwaya. Ƙwayar jan haske ba ta da ƙarfin tsinka ɗaurin sinadari. Ta ultrabayolet tana da shi. Allah da ikonSa, mafi zafin wannan haske, duk wanda zangonsa bai kai nanomita 290 ba, shimfiɗar iskar ozon da ke sama tana tare shi, don da ya iso da mu ma mun koɗe. Abin da ke isowa ƙasa bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin hasken rana ba. Da wannan ɗan kason ake duk aikin.

Akwai kuma ƙa'ida wadda Theodor Grotthuss ya faɗa tun 1817: hasken da sinadari ya sha, shi kaɗai ke iya sauya shi. Wanda ya ratsa ya wuce, ba ruwansa. Kowane magani da irin hasken da yake sha. Farasitamol ya fi shan mai zangon nanomita 243, wanda ozon ta riga ta tare tun a sama, saboda haka rana ba ta cika samunsa kai tsaye ba. Wasu kuwa abin da suke sha yana cikin wanda ke isowa, su ne ke shan wuya. Mai kemis ɗin unguwarku ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Grotthuss ba. Ku tambaye shi dalilin da ya sa maganin ruwa yake zuwa a kwalba mai ruwan ƙasa, da dalilin da ya sa ake ɓoye nifedifin na hawan jini daga haske. Kamfani ba ado yake yi ba, dukiyarsa yake karewa.

Ga shaida daga tafki na gaske, ba ɗakin gwaji ba. Kusa da birnin Zurik na Suwizalan akwai tafkin Greifensee, wanda rafuka masu ɗauke da ruwan matatun ƙazanta suke zuba a ciki. A 1998 Hans-Rudolf Buser da abokan aikinsa suka auna daikulofenak, maganin ciwon jiki da gaɓoɓi, a ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ya ɓace a tsakani. Suka duba lakar ƙasan tafkin, ba ya nan. Suka ajiye ruwan tafkin da maganin a duhu, bai rage ba. Suka fitar da shi rana, kafin awa ɗaya rabi ya tafi. Hasken yana fizge ɗaya daga ƙwayoyin kulorin biyu da ke jikin maganin, sai sauran ya naɗe ya zama wani abu dabam. Wannan fa a ƙasar da rana take leƙowa a kunyace. Kuma daikulofenak ba kanwar lasa ba ne: shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da Pakistan da Nefal da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har Indiya ta hana ba dabbobi shi a 2006. Abin da ya kayar da ungulu, rana ta kayar da shi kafin a sauke tukunya.

"Wanda bai sha hasken ba fa, ya tsira ke nan?"

Yauwa, Malam, yanzu ka fara tambayar ɗalibai. Bai tsira ba. Rana in ta kasa da kanta, aike take yi. A cikin ruwan kogi akwai naitiret, wanda ke zuwa daga takin zamani da fitsari. Akwai narkakken ruɓaɓɓen ganye da ke ba ruwa launin shayi. Akwai ɗan narkakken ƙarfe. Waɗannan suna shan hasken, sai su haifar da wasu sinadarai masu zafin nama. Shugabansu shi ne haidiroksil: oksijin ɗaya, haidirojin ɗaya, da giɓin lantarki guda da yake neman cikewa ido rufe. Duk abin da ya ci karo da shi sai ya fizgi wani abu daga jikinsa. Rayuwarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma muddin rana tana sama, ana haifar sabo. Ta wannan hanya ake samun irin su aibufurofen, waɗanda haske kai tsaye bai cika damunsu ba.

Wato wani dattin yana taya rana cinye wani dattin. Sai dai ruɓaɓɓen ganyen nan fuska biyu gare shi. Kaɗan yana taimako. In ya yi yawa, shi ne zai shanye hasken ya yi wa magani inuwa, ya kuma cinye haidiroksil ɗin kafin ya kai ga abin da ake nema.

Yanzu na dawo kanki, Hajiya

Kududdufinku bai ƙaryata rana ba, iyakarta ya nuna. Na farko, ultrabayolet ba ya nitso da nisa. A ruwa garai-garai yana iya sauka mita da dama, amma a ruwa mai laka da gansakuka, ɗan taƙi kaɗan ya ƙare. Ki dubi jan ruwan damina a kogunanmu, ki sa hannu ki ga ko za ki hango yatsunki. In ido bai ratsa ba, shi ma bai ratsa ba. Na biyu, kainuwa ta rufe saman, ledoji sun rufe inda ta bari. Na uku, akwai dare, akwai hadari, akwai hazon hunturu da ke tace hasken tun a sama. Na huɗu, wasu magungunan, irin su sifurofulokzasin da tetarasaikilin, suna manne wa laka su kwanta a ƙasa, inda rana ba ta taɓa leƙawa. Na biyar kuma, wanda ya fi duka, kwatocin unguwa ba sa hutu. Rana aikin yini take yi, ku kuwa kuna zubawa dare da rana.

In kaya ya yi yawa, ko maganin da rana ke iya wa sai ya gagare ta. A Patancheru, kusa da Haidarabad ta Indiya, akwai matatar da ke karɓar ruwan masana'antun magani kimanin 90. A 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gotenbag ya auna ruwan da ke fita daga cikinta, ya sami sifurofulokzasin har miligiram 31 a lita, fiye da abin da ake samu a jinin maras lafiyan da ke shan sa. A ruwa mai tsabta rana tana saurin farfasa wannan magani, amma ina ita ina wannan lodi?

Akwai kuma masu taurin kai na asali. Kabamazefin matatun zamani ma ba su cika cire ko kashi 10 cikin ɗari nasa ba, ƙwayoyin halittar ruwa ba sa cin sa, rana kuma sai ta yi makonni ko watanni tana fama. Saboda naci irin nasa, masana sun mai da shi alama: in suka gan shi a ruwan rijiya, sun san ruwan masai ko na kwata ya ratso.

Ga wani labari daga maƙwabta. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar cewa sun gano tiramadol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. Duniya ta ɗauka: ashe maganin da aka ƙirƙira a masana'anta a Jamus, itace yana yin sa tun fil azal! Masu maganin gargajiya suka fara gyara hula. Shekara ta zagayo, Michael Spiteller na Dotmund da abokan aikinsa suka bi sawu. Suka tarar ba tafashiya kaɗai ba, wasu itatuwan yankin Arewa Mai Nisa ma suna da shi, ƙasa tana da shi, ruwa yana da shi, har da irin ragowar da sai ya bi ta cikin jikin dabba ake samunta. A kudancin ƙasar kuwa babu. Ashe manoma ne ke ɗura wa shanun huɗa tiramol don su jure aiki cikin zafi, shanu su fitsarar, ƙasa ta sha, saiwa ta zuƙa. A 2016 gwajin kabon ya nuna ɗan masana'anta ne. Wannan yanki ba ya rashin rana, kowa ya san zafin Marwa. Amma abin da ya nutse cikin ƙasa ya fita daga hurumin haske. Mai rijiya kusa da masai, da kai ake.

Ga masu saurin tuba

Na hango wasunku sun juya baki ɗaya. Ɗazu suna cewa ƙarya ne, yanzu suna cewa, "Alhamdu lillahi, tunda rana tana wankewa, kuma Allah ya hore mana ita, a ci gaba da zubawa." Ku dakata. Musunku na farko ya fi min wannan yardar.

Farfasa abu dabam, gamawa da shi dabam. Kafin magani ya ƙare ƙurmus ya koma iskar kabon da ruwa da gishiri, sai ya bi matakai da yawa, kuma 'ya'yan da yake haifa a hanya ba duka ne na kirki ba. Daikulofenak ɗin da na yi ta yabon rana a kansa, gwaji ya nuna wasu daga cikin abubuwan da yake komawa sun fi shi cutar da ƙananan tsirran ruwa. Kabamazefin, in ya ga dama ya farfashe, yana iya haifar da akiridin, wanda aka san yana taɓa ƙwayar gado. Tiraikulosan, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da aka daɗe ana sawa a sabulu da man goge baki, a 2003 masana a Jami'ar Minesota suka nuna haske yana mai da wani kasonsa ɗaya daga dangin dayokzin. Ba shi ne mafi muni a dangin ba, amma ba dangin da za ka so haɗa zuri'a da su ba ne. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu na gida. Saboda haka in mai auna ruwa ya ce maka magani ya ɓace, ka tambaye shi: ya ɓace ne, ko ya sauya riga?

Kada kuma a haɗa wannan da dabarar shanya ruwan sha a gora. Waccan gaskiya ce mai zaman kanta. Tun 1877 Downes da Blunt suka nuna a Ingila cewa hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta. A farkon shekarun 1980 Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Berut ya mai da abin dabarar gida, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta daidaita ta: ruwa maras laka, a farar gorar roba da ba ta wuce lita biyu ba, a kwantar a rana awa 6, in da hadari kwana biyu. Tana rage gudawa, ta ceci yara. Amma ƙwayoyin cuta take kashewa. Ba ta yi maka alkawarin cire magani ko maganin ƙwari ko dalma ba.

Masu ƙaramar rana sun sa ta aiki

Injiniyoyi da suka ga rana tana da hannu amma tana da zaɓe, sai suka nemo mata mataimaka. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa taitaniyam dayokzaid, farar hodar nan da ke cikin fenti, in ultrabayolet ya dake ta tana iya raba ruwa. Daga nan aka gane za a iya sa ta ta riƙa haifar da haidiroksil ba ƙaƙƙautawa, ita kuma ba ta ƙarewa. Wata hanyar ta samo asali daga Henry Fenton a 1894: a haɗa narkakken ƙarfe da ruwan haidirojin ɗin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. In aka ƙara hasken rana, ƙarfen yana sabunta kansa, aiki ya ninka. A hamadar Tabernas da ke Almeriya ta Sifaniya, inda aka yi finafinan kaboyi da kakanninku suka kalla a silima, akwai cibiyar binciken hasken rana da ta shafe shekaru tana tura gurɓataccen ruwa cikin bututun gilashi, da lanƙwasassun madubai a bayansu suna tara haske. A Kalifoniya kuma an gwada tafkuna marasa zurfi, kimanin santimita 30, da ake hana ciyawa rufewa don rana ta kai har ƙasa.

Ba a ce an gama ba. Hanyar Fenton ta fi son ruwa mai tsami, sai an tsamama shi sannan a gyara. Hodar taitaniyam sai an tace ta bayan aiki. Duk suna cin fili, kuma da magariba an tashi. Shi ya sa Suwizalan, da ta fara aiki da doka a 2016 ta ƙara wa matatu kimanin 100 mataki na musamman don cire irin waɗannan sinadarai, ta dogara da iskar ozon da gyararren gawayi, ta ɗora wa kowane mutum faran 9 a shekara. Tarayyar Turai ma a 2024 ta amince kamfanonin magani da na kayan kwalliya su biya aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin irin wannan tacewa.

Su Suwizalan fili ne ba su da shi, rana kuma ta aro ce. Mu muna da duka biyun har sun yi mana yawa. Kuma ba baƙin abin ba ne mu: Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya fara jagorantar ofishin makamashin rana na Nijar a 1969, Sakkwato ma tana da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun shekarun 1980. Amma ku je ku dubi Jakara, da ta ratsa Kano ta haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan Bompai, ta nufi madatsar Wasai, masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo a gefenta. Ku dubi Guntu Yena da ke kwashe ƙazantar Yamai tana kai wa kogin Kwara. Baƙin ruwa, mai kauri, cike da leda. Mun ba rana aikin da ba ta iyawa, a yanayin da ba ta gani, mun hana ta wanda ta ƙware a kai. A fara tace laka, a shimfiɗa ruwa a fili maras zurfi, a hana kainuwa rufewa, sannan a ga abin da za ta yi.

Hukunci

Alhaji, ka ce rana ba ta iya komai da magani. Kai ne kuma kake tsayar da mai tallan magani a tasha, wanda kwalinsa ya wuni a ka tun hantsi, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, alhali a jikin yawancin fakitin an rubuta a ajiye ƙasa da 30, nesa da haske. In ka sha bai yi aiki ba, ka ce jabu ne, ko ka ce sammu aka yi maka. Wani lokacin jabun ne. Wani lokacin kuwa zafi da haske ne suka riga ka sha.

Saboda haka ga tararku. Malam zai daina sayen kafso ba da takardar likita ba. Hajiya za ta daina tuttular da ragowar magani a kwata, ta tambayi asibiti ko kemis inda ake mayarwa. Mai kaji zai daina ɗura magani don kawai su yi ƙiba. Mai shirin haƙa masai zai nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30. Alhaji kuwa, da yake shi ya fi kowa ɗaga murya, shi zai je wurin kansila ya tambayi inda ruwan asibitin garinsu yake zuba, kuma kada ya dawo sai da amsa. Wanda har yanzu yake da sauran musu, ya rubuto, ina nan. Amma ya haɗo da goro, don ba na kayar da mutum kyauta sau biyu.